Surin Kaka Laraba

Yaran yanzu gani suke aikinmu ba komai ba ne. Ka sayi famfon feshi a kasuwa, ka goya a baya, ka zuba magani mai wari, ka yi ta lilo da hannu har ciyawa ta jiƙe, shi ke nan ka zama gwani. Wani ma ko takunkumi ba ya sawa, wai yana hana shi gaisawa da 'yan mata. Ni Sale mai feshi, da gemuna ya yi fari a lambunan mutane a Kafanchan da kewayenta, ina gaya muku feshi shi ne abu na ƙarshe a sana'ar nan, sau da yawa ma ba a kai wa gare shi. Abu na farko durƙuso ne.

A wurin Baba Dogara na koya. Gadina ne, wato mai kula da lambu, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, tun zamanin da jirgi yake jirgi. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa famfo ba. Kayan aikin da ya ba ni su ne wuƙa mai gajeren baki, ƙaramar fartanya, da tsohon gwangwanin madara. In aka kira mu gidan da fure ke mutuwa, sai ya samu inuwa ya zauna, ya ce, "Sale, je ka kawo mini ɓarawo a gwangwani. Ba na yanke hukunci sai na ga fuskan shi." A haka na san tsutsar da ke cin ganye daga gefe, da ɗan ƙwaron da ke maƙalewa a bayan ganye yana tsotsa har ganyen ya nannaɗe, da gyaren da ke yanke shuka daga wuya. Kowa da lokacinsa, kowa da abin da yake tsoro. Wani toka, wani ruwan sabulu, wani garin 'ya'yan dogon yaro, wani kuwa tsince shi za ka yi da hannu ka ba kaji. Maganin kwalba sai in duk waɗannan sun gaza.

Masu kiranmu otal-otal ne, da makarantu, da coci-coci, da manyan da suka yi ritaya suka dawo gida daga Abuja ko Kaduna suna son ƙofar gida ta yi kore kamar yadda suka gani a can. Mahaifiyata har ta rasu ba ta gane sana'ata ba. Takan ce, "Mutane na noma don su kashe ciyawa, kai kuma kana yi mata magani?" 

Shekarar da citta ta ruɓe a cikin ƙasa ita ce muguwar shekararmu. A nan yankin citta ce ke ɗinka riga, ita ke rufa ɗaki, ita ke kai yaro makaranta. Da ta faɗi, wa ke ta ciyawar ado? Famfona ya daɗe a rataye har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ga mai maganin ƙwari, ƙwaro ya yi gida a kayan aikinsa. A ƙarshen ranin wannan shekara ne wani dattijon coci mai suna Bulus ya aiko a kira ni.

Cocin yana wani ƙauye ne a hanyar Madakiya. A gabansa akwai fili da aka shimfiɗa wa ciyawar kafet, aka kewaye da waya, aka kafa fitilun sola a kan dogayen ƙarafa. Dattijo Bulus, shugaban kwamitin cocin, shi ya yi duk wannan hidima bayan ya bar aikin gwamnati. Autarsa za a aurar bayan Ista, kuma a kan ciyawar nan za a yi liyafa. Sai ga ciyawa ta kama mutuwa wuri-wuri, kamar kan da makero ya ci.

"Malam Sale, ga mai laifi can," in ji shi, yana nuna kusurwar filin. Suri ne ja, ya fi ni tsawo, a cikin waya daf da iyaka. "Gara ne. Kuma aladen Mama Laraba, maƙwabciyan mu, yana shigowa ta ƙarƙashin waya yana ƙarasa abin da ya rage. Komiti ya zauna. A zuba magani, a rushe shi kafin wedin."

Na ɗauki gwangwanina na nufi surin. A ɗaya gefen wayar wata tsohuwa na zaune a kujera 'yar tsugunne tana ɓarar gyaɗa, bayanta ga 'yar bukkarta da garken alade. Ita ce Kaka Laraba. Ba ta amsa sallamata ba sai da ta ƙare wa famfona kallo.

"Kai ne mai kisa?"

"Mai magani ne, Mama."

"Duka ɗaya ne."

A ƙauyukan nan suri yana da mai shi, kamar itacen ɗorawa. Mutum zai iya sayar da gona ko ya ba da ita kyauta, ya riƙe surin da ke ciki. Dalili kuwa cinge ne, wato garar nan mai fiffike da ke tashi bayan ruwan farko. A kama, a soya ba mai, don da mansa yake zuwa, a sheƙe fiffiken, a barbaɗa gishiri. Wanda bai ci ba ba zai gane ba. In damina ta yi nisa kuma naman kaza na fitowa a gindin surin. Ƙa'idar guda ce: kwanon farko na cinge na mai ƙasa ne, sauran na mai suri.

"Mijina Ayuba ya ba da gonan nan duka wa Ubangiji," in ji ta. "A gaban mutane ya ce, ƙasa na coci ne, suri na Laraba ne. Kowane shekara ina kai kwanon farko gidan Fasto, ban taɓa fashi ba. Ayuba ya tafi, yara sun tafi Kaduna, gona ya tafi. Wannan kaɗai ya rage da zan nuna in ce nawa."

Ba zan ɓoye ba, ina bukatar aikin nan sosai, kuma kashe suri ba wuya gare ni. Amma wani abu ya tsaya mini a ido. Duk filin nan ba inda ciyawa ta kai ta gindin surin kore da kauri. Yaya ɓarawo zai bar abincin da ke ƙofar ɗakinsa ya tafi sata can nesa? Na durƙusa na yanka da wuƙa, saiwa fara tas, doguwa, lafiya lau. Hanyoyin garar da na bi duk a kan busasshen kara da matattun ganye suka ƙare. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ban ga abin da ya tsamar da wannan ba. Na roƙi Dattijo ya bar ni in dawo da sassafe.

Da safe na tarar an riga ni zuwa. Aladen Kaka, wani ƙato da take kira Gwamna, ya kutso ta ƙarƙashin waya. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, tsakanina da alade sai kallo daga nesa, to kallon na tsaya na yi. Ya wuce surin ko waiwaye bai yi ba. Ya taka koriyar ciyawa bai taɓa ta ba. Sai da ya kai gindin ƙarfen fitila ya shinshina, ya kafa hanci, ya kifar da ciyawa, ya kama taunar wani abu yana lumshe ido. Da ya gama ya nufi ƙarfe na gaba kai tsaye, kamar mai karɓar haraji da ya san gidajensa.

Na je na durƙusa a gefe da inda bakinsa ya taɓa, na kama ciyawar na ja. Sai ta taso gaba ɗaya kamar tabarma, ba saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashi ga su nan kwance, farare, masu jan kai, kowace ta lanƙwashe kamar yatsa. Gwazarma ce, amma ba babbar nan ta juji mai cin ruɓaɓɓen taki ba, ƙanwarta ce, ƙarama, wadda saiwa ɗanya take ci. Kafin rana ta yi zafi na cika gwangwani.

In faɗi gaskiya a kan Dattijo Bulus, mutum ne mai son sanin abu. Da farin kaftaninsa ya durƙusa kusa da ni, ya ɗauki ɗaya a tafin hannu yana juya ta.

"Daga ina suka zo? Kuma me ya sa nan, ba can ba?"

"Abin da ni ma nake tambayar kaina ke nan, Yallaɓai."

Muka hau matakalar coci muka dubi filin daga sama. Sai ga shi a fili: kowane tabo zagaye yake da ƙarfen fitila. Nan na tuna da ƙwaron nan mai ƙoƙon baya ruwan ƙasa da ke bugun fitila da damina har ya faɗo. Shi ne uban gwazarma. Haske ya kira su daga daji, suka faɗo a gindin ƙarfe, suka tarar da ƙasa mai laushi, mai taki, wadda ake ba ruwa har da rani. Ina za su fi nan wurin ajiye ƙwai? Duk shekaruna a sana'a ban taɓa haɗa fitila da mutuwar ciyawa ba sai ran nan.

Dattijo ya riƙe haɓa ya yi dariya. "Wato ni na kira su da wuta na."

"Ana zaton wuta a maƙera, Yallaɓai, sai ta tashi a masaƙa."

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Ya ce ko ba laifin suri ba ne, yana nan a inda kanofi zai zauna, zai fito a kowane hoto, ga surukai daga Abuja, ga komiti ya riga ya yanke. Na ce masa ni dai ba zan zuba magani ba, don cinge ya kusa tashi, kuma duk abin da ya fito daga surin da aka sa wa guba a cikin yaran ƙauyen zai ƙare. Sai ya ce, "To mu yi haka. In giras ɗin nan ya dawo kore duka kafin satin wedin, zan koma wa komiti in ce a bar shi. In bai dawo ba, ba magani, amma masu diga za su zo."

Aikin da na yi a filin nan ban taɓa yin irinsa ba. Na sa aka kashe fitilun. Na bi kowane tabo na naɗe mataccen kafet, na buɗe ƙasa, Kaka ta koro kajinta suka yi biki. Inda gwazarma ta yi zurfi kaji ba sa kaiwa, sai ta ɗaura wa Gwamna igiya a ƙafa, ni ina nuna wuri da doguwar sanda daga nesa, ita tana jan shi. Mutanen ƙauye suka riƙa tsayawa a bakin waya suna kallo. Labari ya riga ni isa Kafanchan, abokaina a majalisa suna tambayata ya sabon yaron shagona, ko ya fara iya riƙe famfo. Na ce musu ya fi wasunsu hanci.

Bayan an tsabtace wuri sai in cakuɗa ƙasa da garin 'ya'yan dogon yaro, in daidaita da manjagara. Irin dashe kuwa daga gindin surin na riƙa yankowa, tunda nan ne ciyawa mafi ƙarfi. Ban ruwa safe da yamma. Kaka da kanta take tallabo bokiti tana bi na, na hana ta ta ƙi. Kowace safiya sai ta sunkuya ta leƙa dashen, ta ce, "Malam, ya kama?" In ce yana kamawa, Mama.

Ya kama ɗin, amma ba duka ba. Zafin bazara ya tsananta, rijiyar burtsatsen coci ta ja baya, ruwa sai a jira. Da satin biki ya zo, yawancin filin ya yi kore, amma ta wajen ƙofar shiga akwai wuri mai faɗi da dashen ya bushe, jar ƙasa tsirara. Na tsaya a kai na rasa abin da zan ƙara yi. Ciyawa ba ta jin lallashi.

Dattijo ya zo ya duba. Bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya taka zuwa bakin waya, ya cire hula.

"Mama, kin ga yadda ya kasance. Na yi alkawari wa komiti."

"Na gani, Bulus." Ta kakkaɓe zaninta. "Abu ɗaya zan roƙa. Ka bar ni in ɗiba na ƙarshe. Hadari yana haɗuwa. In ruwa ya sauka, ya tashi, sai ka kawo masu digan ka."

Ya yarda. Da masu kwalliyar biki suka zo suka ga suri tsaye a kusurwa, sai suka naɗe shi da farin yadi tun daga sama har ƙasa, suka ɗaura masa kintinkiri da furannin roba. Baƙi da yawa sun ɗauka wani sabon salon ado ne, har da masu tsayawa a yi musu hoto a gabansa.

Ran Juma'a da la'asar ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har ƙasa ta yi ƙamshi. Asabar, ranar biki, rana ta buɗe da zafi. An gayyace ni, an ware mana namu kajin da Musulmi ya yanka, ina zaune can baya kusa da waya. Da yamma ta yi sai na ji ana taɓa mini kafaɗa ta cikin wayar.

"Malam, sun buɗe ƙofa," in ji Kaka Laraba.

Na zagaya, ta ɗaga gefen yadin ta nuna mini. Jikin surin da jiya yake a toshe ya yi 'yan ramuka sababbi, a bakin kowanne ga sojojin gara masu manyan kai suna gadi. Wa ya gaya musu ruwan jiya na gaske ne ba yayyafin yaudara ba? Yaya duk surukan yankin ke shirya tashi yamma guda ba tare da ɗan aike ba? Na taɓa tambayar Baba Dogara, ya ce in na gano in zo in gaya masa ko a kabari ne. Har yau ban je ba.

Rana na faɗuwa aka kunna fitilun saboda biki. Mai gabatarwa na tsakiyar kiran dangin ango su fito rawa, sai farin yadin nan ya fara rawa shi ma, yana motsi daga ciki kamar ƙirjin mai numfashi. Kaka Laraba ta shigo ta babbar ƙofa da tsohon zaninta da ƙaton kwano a ka, ta ratsa tsakanin masu leshi, ba ta kalli kowa ba. Ta kwance kintinkirin, ta ja yadin ya faɗi.

Cinge ya tashi kamar hayaƙi. Ya rufe kusurwar, ya yi sama, ya karkata ya nufi fitilu, fiffike na zuba a kan tebura da cikin kwanukan shinkafa. Na ɗauka za a watse. Wata mata daga cikin surukan Abuja, mai ɗaurin kai kamar faifai, ita ta fara miƙewa. Ta tuɓe takalmi, ta warware ɗaurin nan, ta shimfiɗa a gindin fitila tana sharowa da hannu biyu tana kiran 'yar'uwarta da yarensu. Shi ke nan. Masu kwat suka cire hula suna tarewa, mawaƙan coci suka kifar da ganga, amarya ta tattare mayafinta ta mai da shi jaka, ango na riƙe mata gefe. Ba wanda ya tambayi wani yadda ake yi. Duk a kan abin nan suka girma, birni ne kawai ya sa suka yi kamar sun manta.

Ita Kaka tana gindin surinta da fitilar ƙwai da kwano mai ɗan ruwa. Da kwanon ya cika ta miƙe, ta nemi Dattijo Bulus inda yake tsaye shi kaɗai hannu a baya, ta rusuna kaɗan ta miƙa masa.

"Ga na mai ƙasa. Ka kai wa Fasto. Ka ce masa na ƙarshe ne."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon cikin kwanon, sannan ya ɗauki ɗaya, ya fige fiffiken, ya jefa a baki ɗanye, yadda yara ke yi.

"Haka kake yi tun kana tsirara," in ji ta. "Maman ka tana soyawa, kai kana sata daga kwano."

Ta juya ta koma gindin surinta.

Ran Litinin na koma tare da masu diga, don in ba a ciro uwar garar daga can ƙasa ba, suri sake tashi yake yi, kuma ni na san inda take kwana. Raina a ɓace na je, ban taɓa ƙin wani aiki kamar wannan ba. Muka tarar Dattijo ya riga mu, yana riƙe da igiya da 'yan turaku. Kaka na zaune a kujerarta a ɗaya gefen, ta juya wa surin baya.

"Ba suri za ku tona ba," in ji shi. "Ƙarafan wayan can za ku tuge, ku dawo da su nan inda na ja igiya. Na yi magana da komiti jiya bayan sujada. Waya ne ya yi kuskure tun farko."

Kafin azahar an gama. Waya ta matso ciki, suri ya koma waje, ta gefen bukkar Kaka, da ɗan fili kewaye da shi wanda bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ta taso a hankali, ta zagaya shi, ta taka ƙasar da ƙafa kamar mai gwada ƙarfinta. Sannan ta dubi Dattijo ta cikin wayar.

"To Bulus, baɗi kwanon farko fa? Wa zan kai wa?"

"Mai ƙasa, Mama."

"Shi nake tambaya."

"Ke ce."

Ta juyo daga bakin wayar. Can sai ta dafa surin da tafin hannu, ta sunkuyar da kai kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ba na jin yaren, amma na ji sunan Ayuba a ciki.